Takardun Baban Tanimu

Mushe Markus, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya yi shekaru yana koyarwa a Zinder kafin ya ajiye alli. Mu da muke coci ɗaya da shi mun san shi da tsantseni. Ko albasa zai saya a kasuwar Dole sai ya juya ta kamar mai zaɓen suruki. Matarsa Rifkatu ta daɗe da daina raka shi cefane.

Da ya zauna gida sai ya koma tara littattafai a ordinata, wato kwamfuta. Duk wanda ya gani a waya ya kwaso, har suka cakuɗe, littafi guda ya shigo sau da yawa. Ya ce sai ya samo manhajar da za ta jera su. Damina guda ya yi yana gwaji, wannan ta cika nauyi, waccan ba ta jin Faransanci. Daga baya ya tsaya kan wadda ke share maimaici da kanta, ya ishe mu da yabonta.

Kafin wannan, abokinsa Tanimu, wani manomi daga Dogo, ya kawo masa takardun mahaifinsa marigayi, rubutun ajami na tarihin gidansu, gara ta soma cinsu. Markus ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya ce masa ya kwantar da hankali, gara ba ta shiga ordinata. Tanimu ya yarda, ya mayar da takardun cikin tukunya, gara kuwa ta ƙarasa aikinta.

Hotunan duk suna ɗaya na'urar ta ba su. Manhajar ta ɗauke su maimaici ne, ta bar shafi ɗaya ta share sauran. Ta ma tambaye shi ko ya tabbata, ya danna e ba tare da ya karanta ba, shi da ya yi rayuwarsa yana dukan tebur a kan a karanta tambaya kafin a amsa.

Kunya ta hana shi faɗa. Duk Alhamis Tanimu ya shigo kasuwa sai ya biyo, Markus ya ce, "Wallahi yau ma babu kuran, an ɗauke wuta." Rifkatu takan shige ɗaki don ba ta iya jin ƙaryar. Ni kaina na ji masa nauyi, mutum ya rame a tsaye.

Bayan girbi Tanimu ya iso a babur, ɗiyarsa Hauwa a baya, rungume da wani abu cikin buhu.

"Mushe, na aro maka batirin sola wajen maƙwabcina," in ji shi yana share gumi. "Yarinyar nan ba ta taɓa ganin rubutun kakanta ba. Jona mana."

Markus ya karɓi batirin da hannu biyu. Hauwa ta riga ta cire takalmi, ta matso kusa da tebur.