Farantin Ƙanina

Shekarun baya can, muna zaune a unguwar Mansur, ba nisa da Harami, ƙanina ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Jidda, fannin makamashin nukiliya. Mu a gida abin da muka sani game da nukiliya bai wuce bam ba. Ana cikin haka kuma sai ga labarin tashar nan ta Japan da ruwan teku ya lalata, kullum talabijin na nuna mutane cikin fararen kaya, fuska a rufe.

Mahaifiyata masa take soyawa a ƙofar gida, duk layin an san ta. Wata maƙwabciyarmu, wadda ba a raba ta da ba da labarin da ba a tambaye ta ba, ita ta fara yaɗa cewa abin da ƙanina yake karantawa yana bin jiki, yana bin tufafi, har yawu yana bi. Sai masu sayen masa suka fara tambaya ko ɗan nata yana taɓa ƙullun. Umma ta tsorata, saboda cinikinta da kuma saboda mu. A gidanmu faranti ɗaya ake ci, kowa ya zauna a ƙasa ya sa hannu. Da ƙanina ya dawo hutun ƙarshen mako, sai ya tarar an ware masa wani ƙaramin farantin silba mai lotsattsen baki, kofinsa ma daban.

Ya yi bayani har ya gaji. Ya ce ko tashar ma babu ita a ƙasar nan, shi lissafi kawai suke yi a allo. Umma ta ce ta ji, amma dai a bari tukuna. Ni kuwa babbar yaya na tsaya masa da baki, na yi ta faɗa ana zaluntarsa, sai dai ranar da ya miƙo min kofinsa na ce ba na jin ƙishi.

Daga nan ya daina gardama. Yakan ɗauki farantinsa ya koma gefe ya ci. Sai kuma ya fara tsallake zuwa gida, wai karatu ya yi yawa. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga muna rasa shi a hankali.

Da azumi ya zo, ya zo mana buɗa-baki. Aka kira sallah, kowa ya kai hannu, shi yana can gefe da farantinsa. Umma ta daɗe tana kallonsa, dabinonta a hannu ba ta kai baki ba. Sai ta tashi ta ɗauko farantin, ta juye abincin cikin namu, ta cakuɗa da hannunta.

"Halas, ya isa haka. Matso nan, ɗan nan. In ma guba ce, mu ci tare."

"Umma, masu sayen masa fa?"

"Wanda ya ga dama ya saya."

Wasu sun ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, daga baya suka dawo, don ba su samu masa kamar tata ba.

Yau ga shi ana ta maganar gina tashoshin nan saboda wuta da tace ruwan teku, matasan unguwa kuma suna kallon fannin a matsayin aiki mai daraja. Maƙwabciyar nan da kanta ta kawo jikanta wajen ƙanina ya ba shi shawara, ta zauna ta ci shinkafa faranti ɗaya da shi, har da ƙari. Umma kuwa ba ta sauya ra'ayi ba. Duk sanda aka tayar da zancen sai ta ce in dai dole ne, a gina can nesa da Harami. Farantin silbar yana nan a saman ɗaki, a ciki take zuba wa tattabaru ruwa.

Abin da ya zauna min a rai shi ne, duk mutanen unguwa, har da ni, sai da tsoro ya sake mu muka matsa kusa da shi. Umma kaɗai ce ta ci abinci da shi tana cikin tsoronta.