Wushiryar da Muka Kai Katsina

Mun tashi daga Malumfashi ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, mahaifiyata Hajiya, da 'yar yayata mai shekara bakwai. Asibitin haƙori muka nufa a Katsina, alhali babu mai ciwon haƙori a cikinmu. Wannan kaɗai ya ishi maƙwabta abin tattaunawa, domin a wurinmu ba a neman likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, an gwada kanumfari da ruwan gishiri duk sun ƙi ci.

Ku da kuka saba karanta labaran yawona kun san ni da son jin ƙwaƙwaf, to wannan karon ma shi ya fitar da ni. Yayata ta rasu ta bar yarinyar nan tana koyon tafiya, Hajiya ta ɗauke ta. Marigayiyar tana da wushirya, irin wadda in ta yi dariya sai ka so ka sake ba ta dariya, har aka riƙa kiranta Mai Wushirya. Hotonta yana rataye a ɗakin Hajiya, tana tsakiyar dariyar nan tata. Bara yarinyar ta yi famfara, ta jefa haƙoranta a kan rufin kwano, ta yi ta yawo da hannu a baki kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi fitowa. Da sababbin suka fito, sai ga tazara a tsakanin na gaba guda biyu. Ranar Hajiya ta yi kuka, ta sa aka soya ƙosai aka raba wa yara. Tun daga nan sunan yarinyar na yanka ya ɓace a gidanmu, ta gaji na uwarta.

Ni kuwa ɗinki ne sana'ata, idona ba ya iya wuce abin da ya karkace. Na lura tazarar tana ƙara faɗi, har kan ɗan yatsanta yana shiga, kuma haƙorin hagu ya fara juyawa gefe kamar ƙofar da aka bari a sakaye. Wata ma'aikaciyar lafiya da nake yi wa ɗinki ta leƙa bakin, ta ce in kai ta Katsina wurin likitar da aikinta daidaita zaman haƙora, wai shekara bakwai ne lokacin da ya kamata a fara duba yaro ko da ba ya jin ciwon komai. Abin ya tsaya mini a rai. Me ake gani a bakin da rabinsa haƙoran nono ne? Da Hajiya ta ji maganar, sai ta ce da ita za a tafi.

"Ni ba rakiya zan yi maku ba," in ji ta. "Gadi zan yi. Duk wanda ya taɓa mani wushiryar ɗiyar nan, da ni zai yi."

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake hawa. Abin da a da zai kai mutum ya dawo da shi, yanzu zuwa kawai yake yi, sai in an haɗa da roƙo. Aka cusa mu huɗu a baya, yarinyar a kan cinyata, wani mai kaji ya sa kejinsa a but. Damina ta yi albarka bana. Gero ya fitar da kai dama da hagu, dawa ta fi tsayin mutum, nan da can Fulani suna kora shanu a gefen titi suna kiyaye su daga gonaki. Mun wuce shingen jami'an tsaro da dama, a kowanne direba ya rage gudu, ya gaisa, ya miƙa hannu ta taga. Muka ɓulla Gidan Mutum Ɗaya muka hau titin Kano zuwa Katsina. Har yau ban samu wanda ya gaya mini ko wane ne mutum ɗayan ba, kuma na tambayi direbobi sun fi a ƙirga.

Tunda haƙori ne a raina, sai na tsinci kaina ina kallon bakin kowa. Na direba goro ya gama rina su. Matar da ke gefena nata jere suke kamar an sa zare, mai kajin kuwa wani ya hau kan wani, amma bai hana shi surutu ba. A Kankia muka sayi gasasshiyar masara ta taga. Nan na ga abin da ban taɓa kula da shi a gida ba: yarinyar ba ta gatsa da haƙoran gaba, sai ta kai masarar gefen baki tana gurgura. Na taɓa Hajiya na nuna mata. Ta ce ai uwarta ma haka take ci, ta mayar da kai taga.

Hantsi bai gama dubawa ba muka shigo Katsina ta Ƙofar Kaura. Garin ya canza mini. Tituna sun faɗaɗa, shagunan waya da na magani sun cika ko'ina, 'yan napep kuma kamar an buɗe musu ƙofa ɗaya. Muka karya da waina da miyar taushe a wurin wata mata da ke bakin titi. Wainar ta yi laushi, amma ta ƙanƙance, da alama ita ma tsadar shinkafa ta taɓa ta. Wani dattijo mai napep ya ɗauke mu, kuma kafin ya tambayi inda za mu sai da ya gaida Hajiya da hanya, da gida, da damina, da mutanen Malumfashi gaba ɗaya.

A asibitin muka yanki kati muka zauna a benci. Kusa da mu akwai wata budurwa da ba za ta wuce sha huɗu ba, haƙoranta ɗaure da siririyar waya, kowane haƙori da ɗan ƙarfensa. Ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba, sai a talabijin. Hajiya ta ƙura mata ido, sannan ta buɗe baki ta nuna nata haƙorin Makka.

"Ni dai sai da na tahi Makka aka sa mani ɗaya. Ke ina kika je aka cika maki baki haka?"

Benci ya ɗauki dariya. Uwar budurwar ta ce tun tana ƙarama suka ga haƙoran suna cunkushewa, suka ce bari ta gama girma tukuna. Da suka zo, sai da aka cire mata lafiyayyun haƙora don a samu wurin jera sauran. Ta dubi tamu ta ce mun yi dabara da muka zo yanzu. Hajiya ta jawo jikarta jikinta.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai magana a hankali. Ta gaida Hajiya kamar uwarta, sannan ta ɗora yarinyar a wata kujera mai kwanciya da tashi, abin da ya fi burge yarinyar a duk tafiyar. Ta sa ta ciza, ta buɗe, ta haɗiye miyau, ta yi murmushi. Ta tambaya ko tana tsotson yatsa, ko tana barci baki buɗe. Ni kuma na sako tawa tambayar da na taho da ita tun daga gida: me ya sa sai shekara bakwai? Ta ce a wannan lokacin turamen farko na dindindin sun fito a can baya, na gaba ma sun fito, don haka ana iya ganin yadda sama da ƙasa za su haɗu. Muƙamuƙi kuma bai gama girma ba, yana karɓar gyara cikin sauƙi. Ta ce yawancin yaran da ake kawo mata a wannan shekarun ba ta yi musu komai, dubawa kawai take yi ta ce a dawo wani lokaci. Na fahimce ta sarai, domin ni ma na fi son a kawo mini gyaran riga tun tana a yanke, kafin a bi ta da keke.

Hajiya ta gyara zama ta faɗi abin da ya kawo ta, cewa wushiryar gado ce, kuma ba ta yarda a rufe ta ba. Likitar ta yi murmushi, sai ga tata 'yar siririyar wushiryar. Ta ce wushiryar gado ado ce, ba ta taɓa ta sai in mai ita ya nema. Wata kuma ta ƙuruciya ce, tana rufewa da kanta in fiƙoƙi suka fito. Amma faɗin wannan da juyawar haƙorin hagu sun sa tana son a ɗauki hoton cikin dasashi.

Hoton nan shi ne abu mafi ban mamaki da na gani a Katsina. Ashe cikin dasashin yaro cike yake da haƙoran da ba su fito ba, kowanne yana kwance yana jiran lokacinsa. Na tsaya ina kallo har na manta a asibiti nake. Likitar ta sa bakin biro a tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu, ta nuna mana wani ɗan abu mai tsini kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce haƙori ne na ƙari, wanda ba ya cikin lissafi, ya tsiro a ɓoye ya zauna a tsakiya. Shi yake ture su, shi ya murɗa na hagu. In an bar shi, zai iya cutar da saiwoyinsu, ya kuma matse wa na gefe hanyar fitowa. In an cire shi yanzu da allurar kashe zafi, aikin ƙarami ne, wataƙila ma ba za a kai ga sa waya ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon hoton.

"To Likita, in an cire shi, wushiryar tana nan?"

"Ba zan yi maki alkawari ba, Hajiya. Galibi takan matse. Wani lokaci ta rufe gaba ɗaya."

"Uwarta fa? Ita ma abin nan ne gare ta?"

"Allah kaɗai ya sani. Wataƙila tata ta gaskiya ce."

Hajiya ta miƙe ta yi godiya, ta ce za mu yi shawara. Ba mu karɓi ranar dawowa ba muka fito. Raina ya ɓaci, kuma na ji tausayinta a lokaci guda, domin na san ba haƙori take karewa ba.

Muka wuce Ƙofar Kwaya gidan wasu 'yan'uwa don yin azahar. Unguwar tana nan da lungunanta da ƙananan shagunanta, gidan siminti yana jingine da na ƙasa. Aka kawo mana dambu da zogale, aka sayi fura da nono wurin wata Bafulatana da ta shigo talla. Nonon ya fi na garinmu kauri, wannan dole in faɗi gaskiya. Hajiya ta ɗan taɓa ta ture kwanon. Yarinyar, wadda muka ɗauka hankalinta yana kan kujera mai kwanciya, ashe ta ji komai. Ta matso ta dafa gwiwar kakarta.

"Hajiya, in ta rufe, za ki daina sona?"

Na ga fuskar Hajiya ta canza, irin canjin da ban gani ba tun ranar da aka fita da yayata. Ta ce, "Ke tahi can, mi ya kawo wannan magana?" Ta tashi ta yi alwala, kuma sallar ta yi tsawo fiye da yadda ta saba.

Da muka fito na ce wa mai napep tasha za mu. Hajiya ta ce a'a, ya fara kai mu wurin mai ɗaukar hoto, irin wanda ake wankewa a riƙe a hannu. Muka samu wani kusa da Ƙofar Kaura, shagonsa da labule mai zanen furanni. Hajiya ta gyara wa jikarta ɗankwali da kanta, ta koma bayan mai hoton tana gwalo da murguɗa baki, tsohuwa da ita, har yarinyar ta ƙyalƙyale. A daidai nan aka ɗauka. Da aka miƙo hoton ta duba, ta sa a jaka, ta ce mu koma asibiti kafin a tashi. Ita ta shiga gaba, ita ta tambayi ranar da za a yi aikin, har tana ciniki a matso da ita kusa.

Mun kamo hanya da la'asar sakaliya, hadari yana bin mu a baya amma bai cim mana ba. Yarinyar ta yi barci tun kafin Charanchi. Ni kuma ina ta juya abin da na gani. Na fita da tambaya ɗaya, na samu amsarta: kada a jira ciwo, kada kuma a jira yaro ya gama famfara. Da ya kai shekara bakwai a kai shi a duba, ko da bakin yana da kyau a ido. Mu namu kyan ne ma ya kusa hana mu zuwa. Da giɓi ne mai muni, da tuni mun nemi magani, amma da yake wushirya ce sai muka soya ƙosai.

Muna isa gida Hajiya ta wuce ɗakinta ko mayafi ba ta cire ba. Ta ciro sabon hoton ta maƙala shi a gefen na yayata, ta ja baya tana kallon dariyar nan guda biyu. Sannan ta leƙa tsakar gida inda yarinyar take nuna wa ƙawayenta yadda kujerar likita take kwanciya, ta kira ta da sunanta na yanka. Yarinyar ba ta waiga ba, don ta kwana biyu ba ta ji shi a bakin nan ba. Sai da Hajiya ta sake kira, sannan ta juyo, ta tsaya tana kallonta.

"Ke nake kira," in ji Hajiya. "Taho ki ci abinci."