Jar Motar Baba da Yoyonta

Mahaifina yana da wata jar mota mai kujeru biyu, buɗaɗɗen sama, gajera har kana iya taɓa ƙasa da hannu kana zaune a ciki. A Maraɗi ya saye ta zamanin yana fatauci, wurin wani Bature da zai koma gida. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, ba ta son rami, ga shi hanyoyinmu rami ne da ɗan kwalta a tsakani. Duk Sabon Birni an san ta, an kuma san inda ta kwana, don duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin mai a ƙasa.

Da idanun Baba suka daina gani, motar ta koma rumfar ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na ɗauka mun rabu da ita ke nan. Sai ga saƙo daga garin Isa: Gwaggo, yayar Baba, wadda ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu, jiki ya yi tsanani, tana neman ƙanenta.

"Baba, za ni samo motar shata ta kai mu," na ce.

"Shata? Ni da motata? Ban shiga motar kowa."

Na yi magiya, na turo abokansa, har liman na turo. Ko gezau. Hanyar Isa kuwa a 'yan shekarun nan ba hanyar da mutum zai so mota ta mutu masa ba ce, kowa ya san abin da ke cikin dajin. In mai ya tsiyaye inji ya ƙone a can, da makahon tsoho a gefena, ban san ta inda zan fara ba. Dole sai an toshe yoyon kafin mu kama hanya.

Tayar da ita bai ba ni wuya ba. Gano inda take zubar da man ne ya kusa fitar da ni daga hayyacina, domin injin duka ya yi baƙi ƙirin, ko'ina ka taɓa mai ne. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta don in ga daidai inda yake ɗiga. Da safe na tarar Inna ta hura wuta da kwalin, ta share wurin tas, ta zuba sabon yashi. Na shimfiɗa wani, akuya ta cinye rabinsa.

Baba kuwa ya sa an kawo masa buzunsa rumfar, yana ba da umarni.

"Mi kaka kwancewa nan?"

"Kaskon mai na, Baba, na ƙasa."

"Ba shi na ba. Bar shi."

"To mine ne?"

"In na sani, da na bari ta shekara talatin tana yoyo?"

Na sauya gaskit ɗin da ke toshe bakin kaskon, na ɗaure notuna, na tayar da ita. Ta ɗiga. Na sauya matatar mai. Ta ɗiga. Wani bakanike abokina ya rantse robar gaban inji ce, muka ba wani ɗan kasuwa sautu daga Maraɗi, ya dawo da wadda za ta yi wa tarakta daidai. Ana cikin haka saƙo ya sake zuwa, wai Gwaggo ta daina cin abinci. Ranar na yi jifa da sifana har ta tsallake katanga. Haushi nake ji, na motar, da na Baba, da na Baturen da bai tafi da tsiyarsa ba.

Daga ƙarshe na wanke injin fes da kananzir, na bar shi ya bushe, na ɗebo toka a murhun Inna na barbaɗe shi sama da ƙasa. Na tayar da ita na tsuguna ina kallo. Can sai ga wani siririn baƙin layi yana ratsa tokar daga bayan murfin saman inji, yana gangarowa kan bututun salansa mai zafi, sauran ya zarce ƙasa. Ashe duk wahalar da na sha kwance a ƙasa, ɓarnar a sama take. Na yanka sabon gaskit, na ɗaure. Na bar ta tana aiki har rana ta take, yashi ya zauna fari.

Washegari da hantsi Baba ya sha babbar riga, na kama hannunsa na zaunar da shi. Na tayar da inji, ya yi zafi. Baba ya shiga buɗa hanci.

"Kashe ta. Wagga ba motata ta ba."

"Baba, ita ta!"

"Ka saishe ta ka samo wata. Tawa in ta yi zahi ƙauri takai. Hid da ni."

Ya fara laluben ƙofa. Wallahi sai da hawaye suka zo mini, na takaici. Na fita, na buɗe bonet, na tsiyaya baƙin mai da hannuna a kan bututun da na sha azaba kafin in raba shi da mai. Hayaƙi ya tashi, ya bi mu har cikin riguna.

"Yawwa," in ji Baba. "Mu tahi."

Ba ta zubar da ko ɗigo ba har Isa. Mun tarar da Gwaggo kwance, ta rame har ba na son in kalle ta. Baba ya lalubo hannunta ya riƙe. Ta buɗe ido da ƙyar, ta shaƙi rigarsa.

"Kai, har yau ba ka gyara wagga mota ba?"

"Na ba yaro, Yaya. Ba su iya komi ba."

Ta yi dariya har da tari, ta ce a kawo mata kunu. Ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa, farcena duk baƙi, na ce haka ne.