Shekarar Karatunmu da Saja Akolo

Shekara sittin ke nan da aka kashe abokina Saja Akolo a bakin kasuwar Lafia, da rana tsaka, a gaban idon jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na ɗauki alƙalami jini nake fara gani kafin in ga mutumin. Bana na ce bari in shiga ta ƙofar littattafai, domin shekararsa ta ƙarshe a duniya karatu muka yi a cikinta, ni da shi.

Ni tela ne, shi kafinta, rumfunanmu manne da juna. Mutumin Eggon ne, Kirista, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya je yaƙin Bama ya dawo da tabon harsashi a cinya, da karatun boko da ya koya a bariki, da zuciya irin wadda ba a taka ta a kwana lafiya. Ba zan mai da shi waliyyi ba. Ina tsaye ranar da wani ɗan kamasho ya mari wata mai tallar doya a tasha. Saja ya ajiye zarto, ya taka har wurin, ya ɗaga mutumin ya maka shi da jikin mota, ya bi shi da naushi har haƙora suka zube ƙasa kamar tsabar masara. Sai da ƙarti suka taru suka janye shi. Matarsa Ladi ta sha yin yaji. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma in ransa ya ɓaci tukwanen gidan ne ke shan wuya.

Da kakar waccan shekara wani direba mai zuwa Jos ya fara kawo mana ƙananan littattafai. Ni a ajin manya na koyi boko, ina karatu ina tuntuɓe, don haka Saja ne mai karantawa. In na dawo daga sallar la'asar, kasuwa ta fara watsewa, sai ya karkaɗe ƙurar katako daga kan benci mu zauna.

Na farko mai jan bango ne, labarin wani jarumi da ke sare kawunan abokan gaba yana waƙa. Ni dai ya tafi da ni. Saja kuwa bai kai tsakiya ba ya yi jifa da shi, har ya faɗa cikin kwata.

"Tela, mai wannan littafi bai taɓa ganin an yanka ko kaza ba," in ji shi.

Ranar ce kaɗai ya ba ni labarin yaƙi. Ya ce a cikin wani daji mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, an farke wa abokinsa ciki da banati, wuƙar bakin bindiga. Mutumin bai yi waƙa ba, bai yi kirari ba. Ya riƙe hanjinsa da hannu biyu yana kiran uwarsa da yarensu, ƙudaje na bin sa, har muryar ta ƙare. Gani ya kori ji. Na tsamo littafin daga kwata na shanya, na ƙarasa shi ni kaɗai, amma daɗinsa ya riga ya tafi.

Da rani aka kawo wanda ya fi so. Ba labari ba ne ma, ɗan littafi ne a kan haƙa rijiya da tace ruwa don gudun kurkunu. Mutumin da ya zubar wa ɗan kamasho haƙora ya zauna yana bin zanen bakin rijiya da yatsa kamar mai shafa kan jariri. Ya karanta shi har bango ya rabu da jiki. Ƙanwarsa a Adogi kurkunu ya gurgunta ta, shi ya sa. Ya ce da shi ne gwamna, da wannan za a karanta wa sojoji kowace safiya maimakon fareti.

Wanda ya haɗa mu gardama kuwa na damina ne, labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka yi rikicin gonar gado, har ƙanin ya cinna wa rumbun wan wuta alhali ɗan wan na barci a gindinsa. Mun yi makonni muna gardama a kan mai laifi. Ni na ce ƙanin ne. Shi ya ce mutanen gari ne, da suka tsaya suna kallo tun rikicin yana ƙarami. Wata rana gardamar ta yi zafi, ya daki bencin da muke kai da ƙulli, ƙafa ɗaya ta karye, muka zube tare. Ya tashi yana dariya.

"Ka ga, ko benci ya yarda da maganana."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Lafia ta yau. Na san zai ji daɗin ganin ɗalibai a kan acaɓa sun nufi makaranta a Shabu da littattafai masu kauri kamar bulo, 'yan mata a cikinsu. Zai tsai da su ya tambayi abin da ke ciki. Amma kwanan baya jikana ya nuna mini wani hoton bidiyo a waya. An rataya wa wani mutum taya, an zuba fetur, samari sun kewaye shi, kowa ya ɗaga wayarsa don kada ya rasa wurin da wutar za ta kama. Ba na jin Saja zai ce komai. Zai nemi abin da ke kusa da hannunsa ne.

A ƙarshen shekarar karatun namu, sabuwar doya ta fito, ranar kasuwa ce, muka ji ihu daga layin masu atamfa: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin mu miƙe sai ga wani baƙo a guje, irin masu kawo gishiri daga wajen Keana, riga a yage, kunne ɗaya na lilo da jini. Ya faɗo rumfar Saja ya kife cikin ƙurar katako. An ce turmin atamfa ya ɗauka. Ban ga atamfa a hannunsa ba, amma kuma ban ga farkon abin ba. Har yau ban san ko ɓarawo ba ne.

Jama'a suka iso da sanduna da duwatsu da taɓare. Fuskokin da na sani ne, wasunsu ni na ɗinka rigunan da ke jikinsu. Saja ya jawo wani dogon katako ya shimfiɗa a bakin rumfa, ya ɗauki ƙotar gatari.

"A kai shi gaban alƙali," in ji shi. "Amma wanda ya tsallake katakon nan, uwarsa za ta yi kuka yau."

Wani mahauci ya ce, "Saja, ba ruwanka. Miƙo mana shi, mu ba da kai muke ba."

"Yanzu da ni kuke."

Dutse ya fara zuwa, ya fasa masa gira. Mahaucin ya tsallake katako, Saja ya sauke masa ƙota a hannu, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya kara. Na biyu ya samu a hanci, ya zauna daɓas jini na malala ta tsakanin yatsunsa. Na ɗauko dutsen guga na shiga, ban kai ga kowa ba taɓarya ta same ni a wuyan hannu. Yatsun nan har yau ba sa rufuwa. Saja ya riƙe bakin rumfar nan, yana duka ana dukansa, rigarsa ta rine. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wani ya zagayo ta gefen rumfata da galma, ya sara masa a ƙeya.

Bai faɗi nan take ba. Ya juyo kamar wanda aka kira sunansa, sannan gwiwoyinsa suka saki. Ganin abin da ke fita daga kansa ya sa taron ya watse, kowa ya yar da sandarsa. Da muka duba cikin rumfa babu baƙon. Ya ɓalle zanar baya ya bi ta cikin dawa.

A kan ƙyauren da yake sassaƙa wa wani muka ɗauke shi zuwa asibiti. Ladi na biye da mu ba ko kallabi. Sau ɗaya ya farfaɗo ya gane ni.

"Tela, mutumin ya tafi?"

"Ya tafi, Saja."

"To."

Bai sake magana ba. Kafin kasuwa ta zagayo an binne shi. Aka yi tambaye-tambaye, duk wanda aka kira ya rantse bai ga mai galmar ba. Ni ma ban ga fuskarsa ba, bayansa kawai na gani. Na ci gaba da zama a kasuwar nan shekara da shekaru ina gaisawa da mutane, ina auna kafaɗunsu da tef, ban san wacce ce ta ɗaga galmar ba.

Me ya rage na Saja Akolo? Ladi ta koma garinsu ta rasu a can. Inda kabarinsa yake yanzu shaguna ne, ko ni ba zan iya nuna wurin ba. Wasu sun ce wauta ya yi, ya bar mata da 'ya'ya saboda baƙon da bai ko san sunansa ba, kuma a shekarun da na ga yadda 'ya'yan suka sha wahala ban iya musa musu da ƙarfi ba. Abu ɗaya dai na tabbatar. Ranar nan mutum ɗaya da aka riga aka yanke wa mutuwa ya fita kasuwar Lafia da ƙafafunsa. In Allah ya ba shi zuriya, yau jikokinsa na can wani gari suna cin tuwo, suna faɗa, suna aure, ba wanda ya taɓa jin sunan Akolo a cikinsu.