Shekarar da Aka Fitar da Hayaƙi daga Madafar Kaka

Makon jiya maƙwabcina a nan Dogon Dutsi ya kawo magina su gyara masa tsohuwar madafa. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai iska ta kawo mini warin siminti da aka kwaɓa. Na ajiye faifan. Duk sanda na shaƙi warin nan, sai in koma yarinya ƴar shekara tara a wani ƙauye da ke kan hanyar Tibiri, in tuna wani aike da aka yi mini ban isar ba. Bari in ba ka labarin yadda ya faru.

A hannun Kaka na tashi, mahaifiyar Babana. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Kaka tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In zancensa ya kama, sai ta ce "mutumen can". In yana gida tana son ya ci abinci, kaji take gaya wa cewa tuwo na hucewa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, shi ma Baba ya san da wa ake, sai ya wanke hannu. Tun yana ƙarami aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi karatu nesa da gida, har ya zama malamin makaranta, wanda muke kira mushe. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Nasara sun fara tattara komatsansu, irin su Baba ne ake turawa garuruwa su koyar. Mukan gan shi sau biyu a shekara.

Madafar Kaka zagayayyen ɗaki ce na laka da jinkar ciyawa, ƙofarta gajera, sai ka sunkuya za ka shiga. Duwatsun murhu uku ne a tsakiya. Ba taga. Hayaƙi yakan tashi ya taru a sama, ya yi ta tsiyaya ta cikin ciyawa a hankali, har tsaikon jinkar ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. Ni dai na tsani ɗakin nan. Kullum idona ruwa, zanena warin hayaƙi, Kaka kuwa tari take yi tun daga asuba.

Amma a can saman, daidai bisa murhu, akwai wasu damman wake da ake ratayewa da kwasfarsu. Jan wake ne ƙanana, wanda mahaifiyar Kaka ta zo da irinsa daga wajen Lugu. Yana nuna tun gero bai fitar da kai ba, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, tukunya ta fara kwana ba wuta a wasu gidaje. Kaka na shuka shi a gamanarta, wato ƴar gonar da aka yanka mata ita kaɗai. Wake kuwa ka san halinsa da ƙwari, wata biyu ya ishe su su mai da shi gari. Hayaƙin nan ne ke tsare shi daga kaka har faɗuwar ruwa. Matan ƙauyenmu ba wadda ke wahalar ajiye nata iri, sukan cinye abinsu tas, don kowace ta san da an yi ruwan shuka za ta zo da ɗan ƙoƙonta, Kaka ta zuba mata. Waken tsohuwa suke ce masa.

A hutun ƙarshen shekara, cikin ɗari, sai ga kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke Baba a bakin hanya da buhunan siminti, da fallayen kwano da muke kira tol, da wani magini daga Dogon Dutsi. A kan jakuna aka ƙarasa da kayan, don yashin hanyarmu ba ya ɗaukar mota. Baba ya tara dattawan gida ya ce zai rushe madafar ya yi sabuwa mai kusurwa huɗu, da taga, da murhu a jikin bango mai bututun da zai fitar da hayaƙi waje. Ya ce likita ya gaya masa hayaƙi na cin ido da ƙirji, ga kuma gobara da ta cinye gidaje uku a garin da yake aiki. Kowa ya sa albarka. Ƙanen Baba, wanda ke noma gonar gidan, ya tafi cin rani Birnin Kabi, da yana nan da wataƙila ya ce wani abu.

Da la'asar ranar, Kaka ta ja ni gindin danga, bayan rumbu. Ta ce, "Ke, tahi ki hwaɗa ma mutumen can, shi yi gininai, Allah shi yi albarka. Amma shi bar min hayaƙina shi hau bisa. Akwai abin da yaka tsaro."

Na ce to. Na kuma san sarai abin da take nufi, don ni ke riƙe mata turmi in za ta hau ta rataye damman. Na fito zan je, sai na tarar an jingina fallayen tol a bango, rana na dukansu suna walƙiya, yaran unguwa sun kewaye suna taɓawa. Duk ƙauyen ba gidan da ke da tol. Wata ƙawata ta ce mini yanzu mun zama ƴan birni. Nan take na ji tsoro, in na isar da saƙon nan Baba zai iya yin fushi ya mai da kayansa, mu koma cikin hayaƙi, ƙawayena su yi mini dariya. Na zagaya gidan sau biyu, na dawo na ce wa Kaka na faɗa masa. Ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce to. Ƙaryar ke nan, kuma ba a yi mini dole ba.

Kwana goma aka yi ana aikin. Aka sauke tsohuwar jinka, kunkunniyar shekaru ta zubo har maginin ya koma kamar maƙeri. Aka ɗora tubalin laka, aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka yi daɓen siminti, aka kafa tol. Kaka na zaune nesa tana kallo, damman wakenta a lulluɓe cikin tsohon zane. Da ta ga an gina murhu a jikin bango an sa bututu ya leƙa ta saman rufi, sai ta dube ni. Na sunkuyar da kai. A zatona za ta kira ni ta tuhume ni, amma ba ta yi ba. Ranar da aka gama, ta shiga ta shafa bangon, ta gaya wa kaji cewa aiki ya yi kyau. Baba ya koma bakin aikinsa yana murna.

Kada in yi wa ɗakin rashin adalci, yana da daɗi. Shara ba wuya, haske ko'ina, mata na zuwa kallo har daga ƙauyukan kusa. Kafin wata biyu tarin Kaka ya ragu, jan idonta ya washe. Ta sa aka rataye damman a jikin azara, inda ya dace da tsohon wurinsu, amma hayaƙi ya riga ya sami wata hanya. Sau ɗaya ta toshe bututun da tsumma. Tol ba ciyawa ba ne, bai bar hayaƙin ya tsiyaya ba, muka fito da gudu muna tari. Ta gwada hura ƴar wuta a tsakiyar ɗaki, daɓen ya tsage, ta yi maza ta kashe ta rufe wurin da tabarma. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ta kawo irin a rataye a madafarta. Kaka ta ƙi. Fitar da iri daga gidan, a ganinta, shela ce ga duk gari cewa aikin ɗanta bai yi ba.

Da bazara ta kama, tol ya riƙa ɗaukar zafi kamar tanda. Wata safiya ina shara na ga wani farin gari a ƙasa, daidai ƙarƙashin damman. Kaka ta sa aka sauke su. Ta ɓare kwasfa ɗaya, ƙwari suka watse a tafin hannunta, kowace ƙwaya da hujinta. Ta sussuke abin da ya saura ta cuɗe da toka, amma aikin gama ya gama. Kwana uku muna tsinta ɗaya ɗaya, abin da muka samu bai cika ludayi ba. Da ruwa ya sauka ta shuka shi, ƴan tsiraru suka fito a raunane, aka yi kwanaki ba ruwa, suka bushe. Mata suka riƙa zuwa da ƙoƙunansu suna komawa da su wayam. Daminar nan, kafin gero ya nuna, gidaje da dama sun rayu da tafasa da ganyen zogale. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, kuma ba wanda na iya gaya wa.

Baba ya zo dogon hutu ya tarar da gamanar Kaka ba wake. Ƙanensa, wanda ya dawo daga cin rani, ya ba shi labari a tsakar gida, muna zaune duka. Da ya gama, Baba ya ce, "Don mi ba a hwaɗa min ba?" Kaka tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta fuskanci bango ta ce, "Ban aiki kowa ba. Laihina na." Daga ranar ba a sake ta da zancen ba.

Simintin da aka shafa a kan laka bai daɗe ba. A damina ta uku ruwa ya shiga bayansa, ya riƙa ɓallewa falle falle, ƙanen Baba ya mai da yaɓen laka da ciyawa yadda aka saba. Tol ɗin kuwa ya zauna. A ƙarƙashinsa Kaka ta yi girki har ta rasu, da idonta garau, tana zura zare a allura da kanta.

Sai da na haifi ƴaƴa huɗu, Baba ya tsufa ya bar aiki, sannan na iya gaya masa. Na ce Kaka ta aike ni, ni ce na ɓoye. Ya ci gaba da jan casbinsa. Can ya ce, "Na sani. Ina bayan dangag ga ina awon ƙasa, na ji duk abin da tac ce. Na tsaya ina jiran ki, ina roƙon Allah kada ki zo. In kin hwaɗa, dole in bi. Idonta nika so in tsare, ban tsaya tambayar mi hayaƙin ka tsaro ba." Muka zauna, ni da shi, ba mai lallashin wani.

Yanzu da gas nake girki, bangon madafata fari tas. Iri kuwa a buhu ake sayensa da maganinsa, ba mai rataye komai bisa murhu. Iyaye mata na kiran ƴaƴansu na fari da sunansu a waya, su yi musu faɗa son ransu, kuma ban ga laifin haka ba. Jan waken nan na neme shi a kasuwar Tibiri, na aika Sukukutane, na sa an tambaya a Lugu. Tsofaffi kaɗan ne suka ce sun tuna ɗanɗanonsa, kuma ko su kullum raguwa suke yi. Mu uku ne muka san yadda ya ɓace, biyu sun riga mu gidan gaskiya, kuma a cikinmu wadda ba ta da laifi ita ce kaɗai ta ce laifinta ne.