Wutar Motar Mati

Mati manomin auduga ne a Ƙarfi, mutum mai magana ɗaya. Shekarar da aka samu mulkin kai ya yi wa uwarsa, Tsohuwa, alkawarin zai kai ta Funtua ta ga jirgin ƙasa, don hakiya ta riga ta ci mata ido ɗaya, tana lallaɓar ɗayan. Tsohuwa ta ce ba ta hawa jaki, ba ta kuma shiga babbar mota a haɗa ta da awaki. Sai Mati ya sayar da bijimansa, ya sayi tsohuwar motar wani Bature mai awon auduga. Aƙilu, direba kuma makanike daga Malumfashi, shi ya tuƙo ta har ƙofar gida.

Gidan su Mati Maguzawa ne, baƙon abu ba ya zama sai an ba shi jini. Mati ya buɗe bakin mota yana neman kanta, ya ga wani baƙin ƙoƙo mai wayoyi kamar kitso. Nan ya yanka jan zakara, ya bi da giya.

Washegari Aƙilu ya yi ta juya ƙarfen tayarwa, mota ko tari. Ya zare wayar fulogi ya ba Mati ya riƙe, ya sake juyawa.

"Baba Mati, ka ji wani abu?"

"Ina jin yunwa."

"To, ba wuta."

Hansai, matar Mati, ta ji. Gidan da ba wuta ai maƙwabta ake zuwa. Kafin Aƙilu ya ɗago kai, ga ta da garwashi a kasko, matan unguwa na biye, kowacce da nata.

"Ɗan nan, ta ina ake zuba mata?"

Aƙilu ya rungume tankin mai. "Inna, ki rufa mini asiri! Fetur ne!"

Da ya buɗe baƙin ƙoƙon, mai raba wa fulogai wuta, sai ga jini ya daskare har da gashin zakara. "Wa ya yi mata miya a ka?" Ya kankare da wuƙa, ya shanya a rana, ya mayar, ya sake miƙa wa Mati waya.

Juyi ɗaya Mati ya yi sama, ya kira sunan kakansa. "Kunama!"

"Wuta ce, Baba."

A tashar Funtua Tsohuwa ta kafa wa jirgi idonta mai sauran gani. Ta ga hayaƙi, ta ga wani ƙato yana ɗura gawayi a cikin jirgin, wuta na ci bal-bal. Ta daɗe tana kallo.

"Mati, ka gani? Babban ma garwashi ake ba shi. Hansai ce da gaskiya."

Mati bai taɓa musa wa uwarsa ba. Har motar ta mutu bai sake fita ba sai da kaskon garwashi a ƙarƙashin kujera. Aƙilu kuwa bai sake shigarta ba.