Akwatin Da Na Kai Ƙonni

Bayan rasuwar matata, abu ɗaya ya rage in yi mata: in kai wa mahaifiyarta akwatin tufafinta a Ƙonni, ƙetaren iyaka. Ita ta rufe shi da hannunta kafin ta kwanta ciwo, bayan ta turara zannuwan da turaren da take haɗawa da kanta. Ban taɓa buɗewa ba. Tsohuwar ba ta samu ganin gawa ba, na ce ko ƙamshin 'yarta ta samu cikakke.

Na ɗora shi a kujerar bayan motata, na tashi daga Shagari inda nake koyarwa. A Bodinga ƙafata ta kai kan birki da kanta, don a nan marigayiya takan sa in tsaya ta sayi fura, tana mitar wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na tuna babu mai sauka, sai na wuce.

A Illela, bakin iyaka, na tarar da layin motoci. Ni ban iya jira ba, ita ce mai lallaɓa ni da hira. Ranar na zauna ni kaɗai ina zufa, ina jin haushin kowa. Da aka zo kaina na miƙa wa jami'in abin da na saba miƙawa, katin shaidata da nata, ɗaure da roba guda.

"Malam, kati biyu, mutum guda? Ina mai wanga?"

"Ta rasu, yallaɓai."

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce in gyara fakin gefe. Na daɗe a nan motoci suna wuce ni kafin ya dawo.

"Buɗe muna shi."

"Don Allah, tuhahin mamaciya na. Uwatta za ni kai ma."

Ban ga laifinsa ba, masu atamfar fasa-ƙwauri ma haka suke rantsuwa. Amma hannuna ya ƙi, sai shi ya ɗaga murfin a cikin motar, ya tura hannu har ƙasa. Ƙamshin ya taso gaba ɗaya, har na waiga kujerar gefena. Ya rufe da sauri, ya ce Allah shi jiƙan ta, ya maido mini katunan yana kallon ƙasa.

A Ƙonni surukata ta buɗe akwatin a kan tabarma, ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe.

"Malam, ƙamshin ya ragu," ta ce. "An buɗe shi bisa hanya ko?"

"An buɗe, Inna."

Na yi mata sallama, na fito. Da na shiga mota zan dawo, sai na tarar ashe ƙamshin da ya fita yana nan, ya kama kujeru. Rana tana dukan kwanon motar, zufa tana bin bayana, amma har na iso Shagari ban sauke gilashi ba.